SHARHI: Kafin a kafa fankar iska a fadamar Hadejia, a fara tambayar abin da zai riƙe ta

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin noman rani ya sauya a kwarin Hadejia. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000. Manomin shinkafa ko alkama ko tattasai a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, wanda duk ruwan gonarsa ya dogara da ƙaramin inji mai shan fetur, ya wayi gari man ban ruwa yana neman cinye ribar shekara tun ba a kai ga girbi ba.

Da yawa sun koma ga sola, kuma sun yi daidai. Sai dai a kasuwar da ake neman mafita ido rufe, kowane mai haja yana samun mai saurarensa. Yanzu tallace-tallacen ƙananan injinan samar da lantarki da iska, waɗanda za mu kira fankar iska a nan, suna yawo a Facebook da TikTok: farar fanka mai fukafukai uku ko biyar da wutsiya a baya, an rubuta mata wat 1,000 ko 2,000, ana cewa dare da rana take aiki, ba ruwanta da hazo. A cikin kwalin za ka tarar da kan injin da fukafukai da na'urar cajin batir da 'yan notuna. Babu turken da za a ɗora ta, babu wayoyin ɗauri, babu zanen harsashi. Wannan an bar wa mai saye da mai waldar unguwarsu.

To a nan gizo ke saƙa. A harkar ƙaramar fankar iska, abin da ke ƙasa da fanka shi ke yanke hukuncin ko za ta ba da wuta, da kuma ko za ta kai damina ta biyu a tsaye. A ƙasa irin ta Hadejia, mai laka da ambaliya, hukuncin ya fi tsanani. Kuma tun da a Najeriya duk abin da ya fara tashe a kasuwa ba ya jimawa bai shiga kasafin kuɗi a matsayin aikin mazaɓa ba, gara a yi maganar yanzu.

Hujjar masu son iska

A yi wa masu wannan ra'ayi adalci, suna da abin faɗa. Arewa mai nisa, daga Sakkwato zuwa Katsina da Kano har yankin tafkin Chadi, tana cikin wuraren da suka fi iska a ƙasar nan. Iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris, daidai lokacin da alkama ke gona tana neman ruwa, kuma daidai lokacin da ƙura ke lulluɓe farantin sola tana rage masa ƙarfi. A Kadume ta ƙaramar hukumar Hadejia gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Nuwamba 2023, a Auyo kuma tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ban ruwa na kwarin Hadejia a Janairun shekarar. Buƙatar makamashi a gonakin nan ta gaske ce. Wanda kuma ya ga yadda Arewa ta shafe kwana da kwanaki cikin duhu a Oktoba 2024 bayan lalacewar manyan layukan lantarki, ba zai zargi mai neman wutar kansa ba.

Abin ma ba baƙo ba ne. Tun shekarun 1950 da 1960 an kafa famfunan iska masu jawo ruwan rijiya a sassan Arewa, akasarinsu suka mutu saboda rashin gyara da shigowar injin dizal mai araha. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta taɓa kafa injin iska mai kilowat 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada a jihar Sakkwato. A wajen Najeriya kuwa, makiyayan Mongoliya ta Ciki a ƙasar Sin sun yi amfani da ƙananan fankoki sama da 100,000, a Kenya kuma ana ƙera famfon iska na Kijito tun ƙarshen shekarun 1970. Fasahar tana aiki inda aka ba ta haƙƙinta.

Tsawo shi ne man injin

Haƙƙin nan na farko tsawo ne, kuma dalilin lissafi ne tsagwaronsa. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta ninkawa yake sau takwas. Idan gudun ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ke saura.

A ɗauki fanka mai faɗin mita 3 daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin, wadda take share fili kimanin murabba'in mita 7. A iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa, da irin iskarmu mai zafi da rashin nauyi, ƙarfin da ke ratsa fankar ya kusa wat 3,900. Babu injin da zai iya kama duka. Iyakar da kimiyya ta yarda da ita kashi 59 ce cikin 100, ƙananan injina kuma in sun kama kashi 30 sun yi ƙoƙari. Ke nan wat 1,100 da ɗoriya. Amma a gudun mita 5, fankar nan wat 150 za ta bayar da kyar. A mita 4, wajen wat 75. Lambar da ake bugawa a jikin kwali yawanci ta iska ce mai gudun mita 11 ko 12, irin wadda ba a samu sai jefi-jefi. Mai saye yana biyan kuɗin wat 1,000, yana komawa gida da abin da bai kai ƙaramin farantin sola ɗaya ba.

Iska kuma tana ƙara gudu ne gwargwadon nisanta da ƙasa. A fili fetal, wanda ya ɗaga fanka daga mita 6 zuwa mita 18 zai samu ƙarin gudu kamar kashi 17 cikin 100, wanda yake zama ƙarin wuta wajen kashi 60. Inda akwai itatuwa da gine-gine bambancin ya fi haka nesa ba kusa ba, domin iskar da ta bugi maina ko mangwaro ko katanga birkicewa take, ta riƙa juya fanka hagu da dama tana cin boris ba tare da ta ba da wutar kirki ba. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe da ita ita ce fanka ta ɗara duk wani abin da ke kewaye da ita, cikin tazarar mita 150, da aƙalla mita 9. Wanda ya san tsawon itatuwan maina a garuruwanmu, ya san turken mita 6 wasa ne.

Ingila ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A gwajin da aka yi a yankin Warwick tsakanin 2007 da 2008, an bi diddigin ƙananan fankoki da aka ɗaura a jikin gidaje, aka tarar mafi yawansu abin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba, wasu ma wutar da na'urorinsu ke sha ta fi wadda suke samarwa. Can gidajen bulo ne ƙonanne. A nan, mutum ya ɗaure ƙarfe mai girgiza dare da rana a jikin ginin ƙasa ko bulon da aka tsuke wa siminti, tsagewar bango ce kawai za ta biyo baya.

Saboda haka mai son wuta dole ya hau sama. Da zarar ya hau kuma, ya shiga hannun hadarin bazara.

Abin da hadari ke yi wa turke

Kowa a ƙasar Hausa ya san yadda hadarin farkon damina ke tasowa daga gabas da jar ƙura a gaba, ya kwashe rufin kwano, ya karya falwaya. A ce guguwa ta kai gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa. Fanka mai kyau tana da dabarar kauce wa irin wannan, wutsiyarta na lanƙwashewa ta juya fuskar injin gefe. Idan dabarar ta ƙi, ko kuma tun asali babu ita kamar yadda yake a yawancin masu araha, turin da zai sauka a kan fankar mita 3 zai kai nauyin kilo 350, buhu uku da rabi na masara, yana tunkuɗa ƙolin sanda mai tsawon mita 18. Ba a ma sa turin da ita kanta sandar ke sha ba. Ƙa'idar duniya ta ƙananan injinan iska, IEC 61400-2, ko a ajinta mafi sauƙi tana neman inji ya jure bugun iska mai gudun mita 42.

Hanya biyu ake bi a tsayar da irin wannan turke. Ko dai a yi hasumiya mai tsayawa da kanta a kan ƙaton harsashin kankare, irin ta kamfanonin waya, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin manomi. Ko kuma a yi siririn bututun ƙarfe a ɗaure shi da wayoyi ta fuska huɗu, kowace waya ta sauka a kan turaku da aka binne cikin kankare. Ta biyun ita ce ta talaka, kuma duk rayuwarta tana rataye ne a kan ƙananan abubuwa: kaurin bututu, ingancin waya, maƙalan da ke riƙe bakinta, notin da ake murɗawa a ɗame ta, da dunƙulen kankaren da ke ƙasa.

Idan an binne turakun a tazarar mita 9 daga gindin sanda, wancan turi na kilo 350 yana zama jan da ya kusa kilo 800 a kan wayar da ke fuskantar iska. Daga ciki, kilo 700 sama yake fizgar dunƙulen kankaren, yana neman tumɓuke shi.

Yanzu a kawo kogin Hadejia cikin lissafin. Kankare mai girman mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana da nauyin kilo 2,400. Dunƙule mai rabin wannan girma, wanda ɗan kwangila zai ce ya isa har ya yi yawa, kilo 1,200 ne, kuma a busasshiyar ƙasa ya ishi jan kilo 700, ga ƙasar da ta danne shi tana taimakawa. Amma duk abin da ya nutse a ruwa yana rasa nauyi daidai da ruwan da ya ture. Ranar da ruwa ya kwanta a gonar, ko ya taso daga ƙasa ya cika ramin, dunƙulen nan kilo 700 ya koma. Ƙasar da ke riƙe da shi kuma ta zama taɓo. Tazarar da ke tsakanin tsayuwa da faɗuwa ta ƙare ke nan, ba tare da an saci ko buhun siminti ɗaya ba.

Kwanciyar ruwa kuwa a wannan yanki ba abin mamaki ba ce. Kogin Kano da ya fito daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da kogin Challawa mai madatsar da aka gama a 1992, su ke haɗuwa su zama kogin Hadejia. Tun da aka tare su yanayin malalar ruwa ya canza, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasan Hadejia har zuwa Nguru, ruwa ya riƙa kwana a inda da can wucewa yake yi. An sha ambaliya a 2012 da 2018 da 2020, ta 2022 kuma ta kashe mutum fiye da 100 a jihar Jigawa, matasan Hadejia suka kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga don kada ruwa ya ci gari. Duk zanen harsashin da bai ɗauka cewa wata rana zai nutse ba, an yi shi ne don wata ƙasa daban.

Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, lakar fadama ba ta zama wuri ɗaya. Da damina ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare har ƙafa na faɗawa. Harsashi yana motsi tare da ita. Wayar da aka ɗame a Janairu za ta iya yin sako-sako a Agusta, sanda ta fara lilo, lilon kuma shi ke gajiyar da walda har ta tsage. A kan jigawa matsalar wata ce: rairayi ba ya kumbura, amma bai iya riƙo ba, ruwan sama kuma yana zaizaye shi daga gindin turke. Tsakanin gonar fadama da tudun da ke kallonta tafiyar minti goma ce, amma harsashi iri ɗaya ba zai yi musu ba.

Sauran kayan ma kowanne da irin tasa. Bututun ruwa mai siririn jiki yana kama da na gini a ido, sai ya sha nauyi yake lanƙwashewa. Ƙarfen da ba a yi wa rufin hana tsatsa ba, fenti kawai aka shafa, daga daidai inda ya taɓa ƙasa mai damshi yake fara ruɓewa, wurin da ba mai dubawa. Noti mai inganci yana ɗauke da lambar ƙarfinsa a ka, irin 8.8, kuma a kan injin da ke girgiza sai an yi masa biyu-biyu ko an sa masa abin kulle, in ba haka ba da kansa zai warware. Kowane bakin waya yana son maƙali aƙalla uku da zoben ƙarfe a cikin lanƙwasar don kada ta cinye kanta. Sanda mai mita 18 a tsakiyar fadama kuma ita ce mafi tsawo a wurin, don haka ita tsawa za ta nema. In babu wayar da ke sauke ta ƙasa, inbata da batir sun tafi a dare ɗaya. Duk waɗannan ba sa fitowa a hoton ƙaddamarwa. Sau da yawa kuɗinsu a haɗe yana kai na injin ko ya fi.

Darasin Lambar Rimi

Abin takaici, amsar mafi yawan wannan matsala tana tsaye a ƙasar Hausa shekara da shekaru. Tashar iska ta Lambar Rimi a jihar Katsina, wadda aka faro tunaninta zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta, an tsara ta da injina 37, kowanne kilowat 275, jimilla megawat 10. Kamfanin Vergnet na Faransa ne ya ƙera su. Kowane inji fukafukai biyu gare shi, yana kan siririn turke mai tsawon mita 55 da aka ɗaure da wayoyi, kuma an yi gindinsa yadda za a iya kwantar da shi ƙasa gaba ɗaya. Kamfanin ya fito da wannan tsari ne don tsibiran da mahaukaciyar guguwa ke yawan afka wa, irin Guadeloupe: in an hango bala'i a sauke inji a ɗaure, in ya wuce a tayar. Gyara ma a ƙasa ake yi, ba sai an nemo ƙatuwar motar ɗaga kaya ba.

Tarihin aikin kansa kowa ya san shi. A Disamba 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, ƙungiyar Ansaru ta ɗauki alhaki, sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuce. Aiki ya tsaya, kaya suka lalace, wasu aka sace, ministoci suka yi ta zuwa suna sa ranar kammalawa tana wucewa. A daidai wannan zamani Habasha ta buɗe tashar Ashegoda mai megawat 120 a 2013, wadda shi wannan kamfani na Vergnet ya yi kwangilarta.

Ana yawan kawo Lambar Rimi a matsayin shaidar cewa iska ba ta yi a Najeriya. A ganina ba abin da ta nuna ke nan ba. Ta nuna cewa zane mai kyau ba ya ceton aikin da ba shi da tsaro, ba shi da mai kula, ba shi da kuɗin gyara. Ta kuma bar mana dabarar da ta fi dacewa da kwarin Hadejia: turke mai kwanciya. A ƙaramin sikeli abin ba wuya. Ana yi wa gindin sanda maganaɗin juyawa irin na ƙyauren ƙofa, a haɗa mata gajeriyar sanda ta biyu da ke zama hannun ɗagawa, sai injin naɗe waya na hannu. Mutum uku ko huɗu sun isa su sauke ta. Manomi zai tayar da fankarsa bayan kaka in ruwa ya janye, ta yi masa aikin hunturu, ya kwantar da ita kafin hadarin bazara, ya kwance kan injin ya kai gida. Watannin da iska ke da amfani ga noman rani daban, watannin da take kisa daban, kuma wannan sa'a ce da ba kowace ƙasa ke da ita ba.

Akwai farashin da ake biya. Sandar mita 18 tana son filin da za ta kwanta, ga wayoyi ta fuska huɗu, a gonakin da ake auna kowane taƙi. A Guri da Kiri Kasamma, inda rikicin manoma da makiyaya kan burtali da mashaya ya sha cin rayuka, waya a miƙe a hanyar shanu wata sabuwar husuma ce. 'Yan jari-bola kuma ba sa ganin turke, kilo suke gani. Wanda ya kwance waya ɗaya da dare ya kayar da sandar duka. Kusa da dausayin Baturiya, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu, siririyar waya a sararin sama tarko ce, kuma ya kamata a nisanta ta da wurin.

Inda siyasa ta shigo

Mai karatu zai iya cewa wannan duk zancen injiniyoyi ne. Ya dubi fitilun sola na kan titi. Ƙungiyar BudgIT ta ce a kasafin 2025 'yan majalisar tarayya sun cusa ayyuka 11,122 na kusan naira tiriliyan 6.93, daga ciki 1,477 na fitilun titi ne da aka ware wa sama da naira biliyan 393. Dalilin farin jinin fitila a wurin ɗan siyasa a fili yake: ana ƙirga ta da kai, ana liƙa mata hoto, ana ganinta daga mota. Wanda ya zaga ƙauyukanmu kuma ya ga yadda da yawa suke ƙarewa, wasu sun karkace, wasu sun kwanta da ɗan guntun kankare a gindi kamar an tuge rogo. Fitila ba ta juyawa, ba ta girgiza, tsawonta bai wuce mita 6 zuwa 8 ba. Tsarin da ya kasa tsayar da ita shi ne za a damƙa wa inji mai fukafukai a kan sanda mai ninkin tsawonta biyu ko uku, a harabar makaranta ko asibitin karkara.

Takardar kwangila irin wadda aka saba za ta ce a kawo a kafa fankar iska mai kilowat kaza, guda kaza. Ba za ta faɗi tsawo ba, balle kaurin ƙarfe ko zurfin rami. Ɗan kwangilar da ya rubuta gaskiyar kuɗin turke zai faɗi a takara, wanda ya yi niyyar sayen bututun ruwa ya ci. Abin da aka binne a ƙasa kuma shi ya fi sauƙin ha'inci, domin ranar da mai duba aiki ya zo an riga an mayar da ƙasa. Hukumar ICPC tana bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2019, amma tambayar da bin sawu ya fi amsawa ita ce ko an kafa abin ko ba a kafa ba. Ko zai tsaya, wannan sai injiniya.

Hukumomin da za su yi aikin suna nan. COREN ce ke rajistar injiniyoyi, NEMSA ke da alhakin duba kayan lantarki kafin a fara amfani da su, SON ke kula da ingancin abin da ake shigowa da shi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, ga kuma shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba 2023 don wutar da ba ta dogara da babban layi ba, wanda hukumar REA ke gudanarwa. Kuɗi zai zo karkara, da masu neman sa. Jigawa ba baƙuwa ba ce a fagen: tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ta yi aikin sola a ƙauyuka tare da ƙungiyar Solar Electric Light Fund ta Amurka. Gwamna Umar Namadi kuwa ɗan Kafin Hausa ne, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ruwa ke yi wa gini a masarautar Hadejia.

Abu na farko da ya kamata jiha ta kashe wa kuɗi ba fanka ba ne, awo ne. Tashoshin hukumar NiMet, irin na Kano da Nguru, suna auna iska a tsawon mita 10 don hasashen yanayi da jiragen sama. Taswirar Global Wind Atlas da Jami'ar Fasaha ta Denmark da Bankin Duniya suka sa kyauta a intanet tana ba da hasashe, amma hasashen kwamfuta ba ya ganin itatuwan da ke bayan gonar wani. Sanduna uku ko huɗu masu tsawon mita 20, ɗaya a fadamar Auyo, ɗaya a jigawar Birniwa ko Malam Madori, kowace da na'urar awo, shekara guda cur, a hannun malamai da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Hadejia da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, sannan a wallafa alƙaluman kowa ya gani. Su kansu sandunan awon gwaji ne: za a ga wane harsashi ya tsira daga damina, wace waya ta yi tsatsa, wacce aka sace. Mai yiwuwa sakamakon ya ce a yawancin wurare ƙarin farantin sola ya fi riba, kuma ni ma nan zatona ya fi karkata, ganin yadda farashin sola ya faɗi a duniya. In haka ne an huta da asara a kan kuɗi kaɗan.

In kuma awo ya nuna akwai wuraren da iska ta isa, to turken ne rabon Hadejia a cikin cinikin. Kan inji daga Sin zai zo. Amma sanda da gindinta da hannun ɗagawa da turakun ɗauri aikin masu walda ne da maƙera, waɗanda suke ƙera injin casar shinkafa da ƙofofi da tankunan ruwa a garin. Abin da ba su da shi zane ne da injiniya ya lissafa ya sa wa hannu, mai faɗin kaurin bututu da girman noti da zurfin rami na laka daban na rairayi daban. A Scotland wani mutum mai suna Hugh Piggott ya shafe shekaru yana koyar da ƙera ƙananan fankoki da turke mai kwanciya da kayan da ake samu a kasuwa, kuma an ɗauki tsarinsa a ƙasashe da dama har da Afirka ta Yamma. Jiha za ta iya biyan kuɗin irin wannan zane sau ɗaya, a rubuta shi da Hausa, a raba wa masu sana'a, ta kuma shar'anta cewa ba za a biya kowane ɗan kwangila ba sai an ɗauki hoton rami da rodi da awo kafin a zuba kankare, sannan a riƙe wani kaso na kuɗinsa har sandar ta ga bayan damina ɗaya.

Matasan da ke bibiyar kasafi a jihar suna da tambayoyin da za su ƙara a kan nawa aka ware da wa aka ba. Mita nawa ne tsawon turken, kuma me ya fi tsawo kusa da shi? Wane injiniya ne ya sa hannu a zanen harsashin, mece ce lambar rajistarsa? Ruwan 2022 ya kai ina a wannan fili? Ana iya sauke sandar, kuma wa aka koya wa, a hannun wa injin naɗe wayar yake? In ta faɗi, a kan me za ta faɗi? Ta ƙarshen ko da igiya ana iya amsa ta: a ɗaure ta a gindin da aka haƙa, a ja ta tsawon turken da ƙarin rabin faɗin fanka, a zagaya. Idan da'irar ta taɓa aji ko ɗakin haihuwa ko hanyar da yara ke bi zuwa rafi, a canza wuri tun siminti bai sauka daga mota ba.